A Dawo Mana da Madinarmu

Ranar da Madina ta fara ganin Harisu, ƙafafunsa ta fara gani. Yana saman kwanon ɗakin kakarta, rungume da dish, ita tana tsakar gida ta ɗaga kai.

Asabar ce, biyar da kwata na yamma. Shekara goma sha ɗaya wata tashar talabijin ta Kano tana saka shirin Layin Majema duk Asabar ƙarfe biyar, kuma kakar tata, Hajiya Kande, ba ta taɓa rasa kashi ɗaya ba, har ranar da aka cire mata haƙori. Yau matan maƙwabta sun cika ɗaki, an zuba gyaɗa a faranti, sai ga wani mutum da farar riga yana bayanin yadda ake kiwon kifi a roba.

Hajiya Kande ta ce, "Dish ne ya goce. Iskar jiya ce. A kira mai gyara."

Madina ta ce in dish ne ya goce ai mai kifin ma ba zai fito ba. Ba wanda ya kula ta. A gidan an san firamare kaɗai ta gama, sauran karatun a tsofaffin jaridun babanta da waya ta yi shi, don haka ba a neman ra'ayinta sai za a karanta takardar magani.

Mai gyara ya zo a kan babur. Ya yi sallama daga zaure, ya ce a faɗa wa matan maƙwabta su kintsa za a hau sama. Aka ce masa ya hau abinsa, duk matan maƙwabtan suna ɗaki ɗaya. Madina aka tsayar a bakin ƙofa ta riƙa kai rahoto.

"Ya kawo?"

"Kifi ne."

Ya ɗan murza. "Yanzu fa?"

"Kifin ya yi rawa, amma yana nan."

Ya leƙo ya ga mai maganar. Ita ma ta gan shi sosai: dogo, baƙi, gumi ya jiƙa masa hula, ya cije sifana a baki. Ta sauke kai ta ciro waya, ta shiga shafin tashar. Sanarwar tana nan tun safe. Ta karanta da ƙarfi yadda na ɗaki da na sama za su ji:

"Muna sanar da masu kallonmu masu albarka cewa, saboda wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu, shirin Layin Majema ya zo ƙarshe daga makon jiya. Mun gode da kasancewa tare da mu."

Ɗaki ya ɗauki salati.

A makon jiyan, jarumar shirin ta tsaya a tashar mota da akwati za ta bar gari. Ɗanbaba, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana sonta bai faɗa ba, ya biyo ta a guje, ya buɗe baki, sai rubutu ya hau.

Mai dish ya cire sifana daga baki. "Ƙarshe kamar yaya? To Madina fa? Haka za su bar Madina a tasha?"

"Ga ni a tsakar gida," in ji Madina.

Ya kalle ta bai gane ba, sai da Hajiya Kande ta ƙwala kira daga ɗaki, "Ke Madina, sake karanto min, ina so in ji wanda ya sa hannu." Saura ƙiris ya zamo daga kan kwanon.

Satin nan Daura ba ta yi wata hira ba. A teburin mai shayi, a layin 'yan tireda, a asibiti wajen awo, maganar ɗaya ce. Wani mai sayar da taki ya rantse an sayi masu tashar ne. Wata mata daga Zango ta ce da cikin ɗanta na fari ta fara kallo, yanzu yana aji biyar, kuma ba ta yafe ba. Hajiya Kande ta lulluɓe talabijin da zane, ta daina cin gyaɗa. In aka gaishe ta sai ta ce, "Lafiya ƙalau, Allah ya isa."

Ran Talata saƙo ya shigo wayar Madina.

"Salam. Harisu ne mai dish. Hajiya ce ta ba ni lambar. Na manta sifanata a saman kwanonku."

"Ka zo ka hau ka ɗauka."

"Sai in kina ƙasa kina ba ni rahoto."

"Rahoton ɗaya ne, Injiniya. Kifi."

Ya zo ya ɗauka. Ya sake mantawa da filaya. A zuwa na uku bai manta da komai ba, ya dai zo, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure bayan la'asar. Ɗan Sandamu ne, iyayensa manoma, aikin dish da ido ya koya. Ta lura ba ya faɗar abin da bai sani ba, kuma in ta yi masa gatse yana ganewa, abin da ba ta saba samu ba.

"Malama, ni fa tun daga saman kwanon nan ban sake samun saiti ba."

"Iskar jiya ce. A kira mai gyara."

"Ai gabanta nake zaune."

Ta ja mayafi ta rufe baki, don kada ya ga ya ci.

A lokacin an riga an kafa ƙungiya. Sunanta Haɗaɗɗiyar Majalisar Masu Kallon Layin Majema ta Masarautar Daura da Kewaye, shugabanta kuma Kwamared Ikrima, wanda ya zaɓi kansa ba hamayya. Yana da difloma da ba a san ta mece ce ba, da kwat ɗin da yake sawa a zafin Afrilu, da tabarau marasa magani. A taron farko, a wani ajin makaranta, maza a dama mata a hagu, ya tashi ya karanta wasiƙar ƙorafi shafi huɗu da Turanci. Aka tafa, don ba a san inda za a yi gardama ba.

Madina ta ɗaga hannu. "Mutanen da suka shekara goma sha ɗaya suna mana shiri da Hausa, su za a rubuta wa wannan?"

"Actually, 'yar'uwa, akwai abin da ake kira protocol."

"To a saka masa ambulan daban."

A bayan takardar ta rubuta tata, Harisu ya tashi ya karanta:

"Zuwa ga masu tashar. Mun ba ku Asabar ɗari biyar da saba'in. Ba mu ce kada ku gaji ba. Ku ba mu kashi ɗaya kawai, Ɗanbaba ya faɗi abin da ke bakinsa, yarinyar mutane ta sauke akwati, sannan ku je ku yi ta kiwon kifinku."

Ita aka aika. Daga ranar Kwamared ya gano yana son Madina. Ya tare ta a bakin get.

"Madina, ke ba ajin mai dish ba ce. Ni ina ganin potential a tattare da ke."

"A ina?"

"A tunaninki."

"To ka bar shi a nan, ina amfani da shi."

Malam Sama'ila, baban Madina, tsohon magatakardar kotun shari'a ne. Shi ya rene ta tare da mahaifiyarsa tun rasuwar uwarta. Ba ya kallon komai sai labarai da tafsiri. Ya sa an yi masa bincike a Sandamu, aka ce yaron yana sallah, ba ya shaye-shaye, ba ya leƙen gidajen mutane in ya hau sama. Ya ce to ya turo. Aka tsayar da Lahadi kawunsa Mainasara zai zo gaisuwa.

Harisu ya rubuto: "Madinata, saura kwana biyar. Ina cin abinci ba na jin gishiri."

Ta mayar: "Ka canza mai abinci."

Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ƙara: "Ni ma ina ƙirgawa, Injiniyana."

Ran Alhamis sitika ta fito. Kwamared ya ce wasiƙa ba ta isa ba, sai an yi abin da ake kira awareness. Ja ce da farin rubutu, an manna ta a bayan Keke Napep, da tankin babura, da bangon shaguna, da motocin Zango da Baure. Ba hoto, ba sunan shiri, don a cewarsa taken gwagwarmaya ba ya son tsawo. Abin da ta ce ke nan:

A DAWO MANA DA MADINARMU

A ƙasa, lambar waya. Ta Harisu.

Malam Sama'ila yana fitowa daga masallacin Juma'a mijin ƙanwarsa ya kira daga Baure, yana tambayar yaushe aka ɗauke ta, kuma sun bugo ko ba su bugo ba. Kafin ya gane, wani abokinsa ya dafa shi ya ce Allah ya bayyana ta. Sai Napep ta gifta ta gabansa ya karanta da idonsa.

Madina tana tankaɗen gari ta ga babanta ya faɗo gida ba sallama, ba takalmi, hula a hannu. Mutumin da ko tari ba ya yi sai ya duba gefensa. Ya tsaya yana kallonta, ƙirjinsa yana sama da ƙasa. Sai ya zauna a kan turmi.

Ita ta yi masa bayani, don ba mai iya yi. Ya saurara har ƙarshe.

"Wato 'yar wasan kwaikwayo."

"Eh, Baba."

"Lambar wa ce a jiki?"

Ta ce ta Harisu ce.

"A garin nan, a zamanin nan, mutum mai hankali ya rubuta a dawo da yarinya, ya sa lambar waya. Shekara talatin ina rubuta shari'a, sunana bai taɓa hawa takardar ƙara ba. Yau sunan 'yata yana bayan Napep, kusa da salansa, hayaƙi yana bugunsa."

Hajiya Kande ta ce, "Sama'ila, ai ba wannan Madinar ba ce, ta Ɗanbaba ce."

"Inna, don Allah. Wannan da na gudo dominta ita na sani." Ya juyo. "Ki faɗa masa kada kawunsa ya ɓata man babur. Na janye."

Har yamma ana sallama. Wasu jaje suka zo, wasu barka da dawowa. Wata tsohuwa ta riƙe hannun Madina tana tambayar ko suna ba ta abinci a can.

Ta shiga ɗaki ta kira Harisu.

"Ka ga sitikar kafin a buga?"

"Wallahi ban gani ba. Kwamared ya ce a ba da lambar tuntuɓa, na ba da."

"Akwai ta a babur ɗinka?"

"Akwai."

"Wa ya manna?"

"Ni."

"Ka karanta kafin ka manna?"

"Na karanta. Ke na tuna ma, shi ya sa na ji daɗinta."

"Ni ka tuna. Babana ya taho daga masallaci ba takalmi, kai kana jin daɗi. Harisu, in tambaye ka. Da sunana Haulatu, za ka manta sifana a gidanmu?"

"Haba, Madinata."

"Ka ji ko. Wace ce a ciki? Ta tasha ko ta tsakar gida? Don ni ba ni da akwati, ba ni da kiɗa a bayana in ina kuka. Ka je ka jira a dawo maka da ita."

Ta kashe. Ya kira sau tara. Ta saka wayar a cikin kwanon samira ta rufe.

Kwana biyu bayan haka Kwamared Ikrima ya zo gaishe da Malam, da kwat ɗinsa da jakar hannu. Madina tana ji daga bayan ƙofar zaure. Ya ce abin takaici ne, wannan duk matsalar rashin ilimi ce, shi da kansa ya gargaɗi yaron. Ya ce irin su Madina suna buƙatar wanda ya san darajar iyali. Malam ya ce masa Allah ya yi albarka. Madina ta koma ta daka barkonon da ba a sa ta ba.

Shi kuwa Harisu bai sake kira ba. Labarinsa ta riƙa ji a bakin matan da ke zuwa wajen Hajiya. Wai ya ajiye aiki, ya sayi reza da kwalbar kananzir, yana bin Napep ɗaya bayan ɗaya yana roƙon direbobi su bar shi ya kankare. Wai ya je tashar Zango, ya je Baure, ya je Sandamu. 'Yan ƙungiya suka ce maci amana ne, masu tashar sun saye shi. Aka cire shi daga guruf ɗin ƙungiyar na waya, aka yi sanarwa kada mai kishin Layin Majema ya sake kiransa gyara. Wani direba ya shaƙe shi a bakin kasuwa.

Hajiya Kande ta ce, "Ni ma da na ce munafuki ne. Amma munafuki ba ya zuwa Baure a rana."

"Ko Nijar zai je," in ji Madina. "Shi ya manna."

A rana ta goma sha uku ya kawo buhu ya ajiye a zaure. Malam ya ƙi fitowa. Da ya tafi, Madina ta kwance bakin buhun. Warin kananzir ya buge ta. Sitikoki ne cunkus, wasu a yage, wasu da fentin mota a bayansu, wasu da ɗigon jini inda reza ta zame. Ta ɗauki guda wadda ta fita lafiya, tana juya ta, sai ta ga wani siririn layi a can ƙasa, ƙanana kamar rubutun kwalbar magani. Ta kai wajen haske.

Ta haɗa wa babanta shayi, ta ɗora sitikar a kan tire, da tabaransa a gefe.

"Ɗauke min wannan."

"Baba, kai ka ce min ba a yanke hukunci a kan takarda sai an karanta ta har ƙasa."

Ya harare ta. Amma shekara talatin ba wasa ba ce, hannunsa da kansa ya ɗauki tabarau. Ya karanta a hankali:

"Tsarawa da rubutawa: Kwamared Ikrima Jafaru, Difloma, Shugaba na Ƙasa." Ya sauke takardar. "Wace ƙasar?"

"Ba a faɗa ba."

Washegari Kwamared ya dawo da lemo. Malam ya miƙa masa sitikar da tabaran, ya ce ya karanta layin ƙarshe. Kwamared ya ce actually. Malam ya ce ya ɗauki lemonsa.

Wannan bai wanke Harisu ba, kuma Malam bai ce ya wanke shi ba. Ya dai aika a kira shi. Madina ta koma bayan ƙofarta. Ta hango yatsunsa duk filasta.

"Wani ya rubuta, kai ka manna. Ka kankare, na gani. Amma waɗanda suka karanta ba za ka kankare idonsu ba."

"Haka ne, Baba. Na yi wauta."

"Ka ce kana son 'yata. Yaya sunanta?"

Harisu ya ɗago. "Madina."

"Wannan na bayan Napep ne. Ina Madina aka haife ta, da na dawo aka riƙa kiranta haka. Ba da shi aka yanka rago ba, ba da shi za a ɗaura aure ba. Wata uku kana zaman tabarmata ba ka tambaya ba. Je ka samo sunan wadda kake nema. In ka samo, kawunka ya zo da shi a bakinsa. In ba ka samo ba, ka ga ba ka san abin da ka rasa ba."

Madina ta jingina da bango. Ta gane abin da babanta ya yi. Sunan Hajiya ta ci, kuma Kande ma laƙabi ne, don bayan maza huɗu aka haife ta. Malam ba zai taɓa kama sunan mahaifiyarsa ba. Ƙannensa ba za su kama ba, surukai balle. A makaranta ma Madina Sama'ila aka rubuta. Duk Daura, masu iya buɗe baki su faɗi sunan nan mutum biyu ne, kuma dukansu a ɗaki ɗaya suke kwana. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya miƙo mata maganar ne ta bayan ƙofa, don ya san tana wajen.

Harisu ya fara da Hajiya. Ya durƙusa a bakin ɗakinta.

"Hajiya, taimako na zo nema. Sunan yankan Madina."

"Kai, tashi ka ba ni waje. Gatsal haka za ka tambaye ni, ko kunya? Ango da kai ba ka san sunan matarka ba, ni da na so in ƙwace ka ma na fasa."

Ya je wajen gwaggon Madina a Baure, ta rufe baki da zane ta ce ba da ita ba. Ya tambayi mai unguwa, ya ce shi ya halarci sunan, amma shinkafar kaɗai yake tunawa. Madina tana jin duk wannan, tana cin abincinta. Hajiya ta ce mata zuciyarta kamar dutsen niƙa. Madina ta ce babanta ma ƙafarsa ba ta roba ba ce, ya taka tsakuwa da ita.

A rana ta huɗu ta ciro waya daga samira. Saƙo ɗaya ne.

"Salam. Na tambayi mutum goma sha huɗu. Wani ya ce in je asibitin da aka haife ki, yana da wanda zai duba min tsohon littafi. Na kai bakin get na juyo. Na riga na taɓa sunanki sau ɗaya ba da izininki ba. In ba daga wajenki ya fito ba, ba na so. Tambayar da kika yi min kuma, na yi ta tunani ina kankara. Sunan ne ya sa na leƙo, wannan gaskiya ne. Amma ba shi ya dawo da ni ba. In kin ga ban cancanta ba, ki yi shiru, zan gane, kuma ba zan bi ta layinku ba."

Ta karanta sau biyu. Ta nemi abin da za ta yi wa gatse a ciki ta rasa. Ta tashi ta je ta zauna a bakin gadon Hajiya.

"Hajiya, zan ba da sunanki."

Tsohuwa ta daɗe tana jan carbi. "Tun rasuwar babana ba wanda ya kira ni da shi. Kakanki shekara arba'in muna tare, 'ke' yake ce min." Ta kalli talabijin ɗin da ke lulluɓe. "Waɗancan sun hana mu ganin ƙarshen nasu. Ba shi. Amma ki gaya masa ba a rubuta shi a jikin mota."

Madina ta rubuta kalma ɗaya ta aika.

"Maimunatu."

Amsa ta shigo:

"Na karanta, na haddace, na goge kada wani ya gani. Allah ya bar min ke."

"Ka sa magani a yatsun nan, Injiniyana. Kuma har yanzu ina fushi."

"Ki taho da shi, akwai wajen ajiyewa."

Kawu Mainasara ya zo ran Lahadi. Da ya faɗi sunan a zaure, Malam ya sunkuyar da kai, ya ce ya ba su.

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a a masallacin unguwa, makonni shida bayan haka. Masu tashar sun amsa wasiƙa a tsakanin, layi biyu, suna godiya da kasancewa tare da su, don haka gari yana nan da fushinsa. Amma da aka ji za a aurar da Madina, ko wacce ce, sai 'yan ƙungiya suka cika layi, har da direban da ya shaƙe ango. Kwamared bai samu zuwa ba, an ce yana wani taro na ƙasa.

Madina tana ɗakin Hajiya cikin lulluɓi, mata sun kewaye ta, ana jin komai ta lasifikar masallaci. Aka yi siga, aka shafa fatiha. Sanƙira ya karɓi makirfo ya ja murya:

"Jama'a ku shaida, an ɗaura auren Harisu Yahya Sandamu da amaryarsa Maimunatu…"

"Na'am," in ji Hajiya Kande.

Ta faɗa ne kafin ta sani, da wata siririyar murya ta yarinya. Sai aka fashe da dariya, aka rangaɗa guɗa. A waje kuwa an ce wasu 'yan ƙungiya sun fara tambayar ko sun ɓata masallaci ne.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta share ido da bakin mayafi, ta jawo jikarta ta ɗora tafin hannu a kanta.

"To, takwara, na amsa miki, babu fashi. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ya kira ki da shi har tsufa. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka, ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Mata suka ce amin. Daga ƙarƙashin lulluɓi, amarya ma ta ce amin.